Yadda na'urar GPS ke bincikar siginar da take karɓa, da yadda za ka tabbatar tana yin aikin

Ranar 1 ga Janairun 2004 agogon wani tauraron GPS mai lamba PRN 23 ya samu tangarɗa. Tauraron bai yi shiru ba, ya ci gaba da watsa sigina da alamar cewa lafiyarsa ƙalau, har kusan awa uku kafin cibiyar da ke kula da taurarin a jihar Kolorado ta Amurka ta sa masa alamar kada a yi amfani da shi. A cikin wannan lokacin kuskuren nisan da ake aunawa daga gare shi ya haura kilomita 200. Ba abin mamaki ba ne, domin na'ura tana auna nisa ne da lokacin da sigina ta ɗauka kafin ta iso, kuma sigina na gudu da saurin haske: agogo ya kauce da mikirosakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, nisa ya kauce da mita 300.

Gwamnatin Amurka da kanta ta rubuta a takardar alkawarin ingancin GPS cewa babbar tangarɗa irin wannan na iya faruwa har sau uku a shekara, kuma tana iya ɗaukar awa shida. Matuƙin da ke gangarowa titin sauka cikin hazon hunturu daƙiƙa goma yake da ita, ba awa shida ba. Shi ya sa aka ɗora wa na'urar kanta nauyin binciken, da dabarar da ake kira RAIM. Ba ta jiran kowa daga ƙasa ya gaya mata, awon da ta yi daga taurari take gwamawa da juna ta ga ko bakinsu ya zo ɗaya.

Taurari nawa ake buƙata

Abubuwa huɗu na'ura ke nema a kowane lissafi: gabas ko yamma, kudu ko arewa, tsayi, da kuskuren ɗan agogon da ke cikinta, wanda mai araha ne ba irin na atam da ke kan tauraro ba. Abu huɗu da ba a sani ba na buƙatar awo huɗu. Da taurari huɗu cif za a samu amsa, kuma amsar za ta dace da awon huɗun ɗari bisa ɗari, ko da ɗaya daga cikinsu ƙarya ne. Ba abin da za a gwada da shi.

Kamar shaidu ne a gaban alƙali. Da tauraro na biyar, alƙali zai iya gane cewa bayanan sun saɓa, amma ba zai iya nuna wanda ya karkace ba, domin duk wanda ya fitar, huɗun da suka rage za su yi daidai da juna. Sai da na shida ake iya fitar da su ɗaya bayan ɗaya, a ga wanne ne idan ya fita sauran biyar ɗin suka daidaita. Saboda haka biyar na ganowa, shida na ganowa da cirewa. Wannan na biyun shi ake rubutawa FDE a littattafan na'ura, kuma shi ke ba ka damar ci gaba da tafiya maimakon tsayawa da jan gargaɗi a fuska.

Abu biyu na sauya wannan ƙidaya. A jirgin sama ana iya jona na'urar da ma'aunin tsayi mai aiki da matsin iska, ya tsaya a madadin tauraro ɗaya, sai huɗu su isa ganowa. Sannan idan na'ura na haɗa GPS da Galileo na Turai, ko GLONASS na Rasha, ko BeiDou na Sin, kowane tsari da nasa agogon, don haka kowane ƙari na ƙaro abu ɗaya da ba a sani ba. GPS da Galileo tare: biyar don samun wuri, shida don ganowa, bakwai don cirewa, sai fa idan na'urar ta dogara da bambancin agogon da taurarin ke watsowa. A fili ba wata matsala ba ce, tunda tsari biyu kan ba ka taurari goma sha wani abu. A lungu tsakanin dogayen gine-gine kuwa, ganin taurari biyar a allo ba ya nufin akwai rara, idan uku na GPS ne biyu na Galileo.

Gwajin kansa

Hanyoyin da aka fito da su a shekarun 1980 suna da sunaye daban daban. Parkinson da Axelrad sun wallafa tasu a 1988, Sturza ma a shekarar, daga baya Grover Brown ya nuna cewa a lissafi duk tafiyarsu ɗaya. Ga yadda take.

Da farko na'ura ta lissafa wuri da dukkan taurarin da take riƙe da su. Daga wannan wurin sai ta koma ta lissafa nisan da ya kamata a ce ta auna zuwa kowane tauraro. Bambancin da ke tsakanin abin da ta auna da abin da lissafi ya ce shi za mu kira giɓi, kowane tauraro da nasa. Sai ta ninka kowane giɓi da kansa, ta raba da murabba'in sigma, wato girman hayaniyar da aka saba gani a awo lafiyayye, ta tara su wuri guda. Jimlar nan ita ake gwadawa da wani ƙa'idajjen adadi daga wani teburin ilimin ƙididdiga da ake kira kai-sikwaya.

Adadin ya dogara da rarar taurari, wato yawansu a cire huɗu, da kuma yawan ƙararrawar banza da ka yarda ka jure. Idan ka yarda da sau ɗaya cikin gwaji 100,000, adadin shi ne 19.5 ga taurari biyar, 23.0 ga shida, 25.9 ga bakwai, 28.5 ga takwas. Idan ka sassauta zuwa ɗaya cikin 1,000, sai ya sauko 10.8, 13.8, 16.3 da 18.5.

A ɗauka taurari shida ne, sigma mita 5. Giɓin ya fito 2, −3, 1, 4, −2, −2. Murabba'insu ya taru ya ba da 38, a raba da 25 a samu 1.5. Wannan ko kusa da 23 bai je ba, lafiya lau. Bayan minti ɗaya giɓin ya koma 21, −14, −9, 12, −6, −4. Jimla 914, a raba da 25, an samu 36.6. Ya tsallake iyaka, akwai wanda ya karkace.

A nan masu rubuta manhaja da yawa ke tuntuɓe. Sai su duba giɓi mafi girma, 21, su kori tauraronsa. Wani lokaci a dace, wani lokaci a kori mai gaskiya a bar maƙaryaci a ciki. Dalili shi ne lissafin wuri yana raba kuskuren tauraro ɗaya ga kowa da kowa, kuma kashin da ke bayyana a giɓin mai laifin kansa ya danganta da inda yake a sama. Idan ka tara waɗannan kasoshi na dukkan taurari, jimlarsu daidai take da rarar taurari. Da taurari biyar ke nan matsakaicin kashi 0.2 ne kacal: kuskuren mita 100 ya bayyana kamar mita 20 a giɓin mai shi, wani ɓangare ya watsu kan sauran, wani ya shige cikin wuri da agogo ya ɓace. Da takwas matsakaicin ya kai rabi. Hanyar da ta fi tsafta ita ce a cire kowane tauraro bi da bi, a sake lissafi da gwaji, a kori wanda fitarsa kaɗai ta sa sauran suka ci gwajin. Idan ƙungiya biyu suka ci gwajin, ba ka gano mai laifi ba tukuna, gargaɗi za ka bayar.

Sigma ma ba adadi ɗaya ba ne ga kowa. Tauraron da ke ƙasa ƙasa kusa da gefen sama siginarsa ta ratsa iska mai kauri, ta fi saurin bugun gini ta dawo, don haka a ba shi sigma mafi girma. Kafin watan Mayun 2000, lokacin da Amurka ke gurɓata siginar farar hula da gangan, ana ɗaukar sigma kimanin mita 33. Tsofaffin na'urorin jirgi da aka ƙera a kan ƙa'idar ƙira ta Amurka mai lamba TSO-C129 da yawansu har yau da wannan zaton suke lissafi, shi ya sa za ka ga sun ce babu RAIM a wurin da sabuwar na'ura ke aiki ba ko gezau.

Shirun na'ura ba shaida ba ne

Wannan shi ne abin da ya fi kamata mai amfani ya riƙe. Gwajin da ke sama yana amsa tambaya ɗaya: awon sun saɓa? Akwai ta biyu da ta fi ta nauyi: da a ce akwai kuskure, zan iya ganinsa kafin ya kai ni inda ba na so? Amsar ta dogara da yadda taurari suka bazu a sama. Idan biyar sun taru gefe guda, ɗaya tilo na can ɗaya gefen, wannan tilon ba mai ƙaryata shi. Duk abin da ya faɗa wuri zai bi shi, giɓi kuma ya zauna ƙarami.

Na'ura na auna wannan haɗari ga kowane tauraro da abin da ake kira gangara: mita nawa wuri zai kauce a kan kowace mita da gwajin ya gani. Sai ta ɗauki gangara mafi muni, ta ninka da sigma, ta ninka da wani adadi da ke tabbatar da cewa kuskure ba zai sulale ba a gani ba fiye da sau ɗaya cikin 1,000. Ga taurari shida da iyakar 23, adadin kusan 8 ne. Sakamakon shi ne faɗin da'irar kariya daga tsakiya zuwa baki, HPL a allon na'ura. Gangara 1.5 da sigma 5 ta ba da mita 60. Gangara 20, wadda bazuwa mara kyau ke haifarwa, ta ba da mita 800, alhali na'urar na iya nuna maka cewa kuskurenta mita 4 ne. Duka biyun gaskiya ne. Mita 4 ɗin na nufin idan kowa lafiya yake, 800 ɗin na nufin abin da ba za ta iya lamunce maka ba idan ɗaya ya karkace.

Da'irar kariya ita ake gwadawa da iyakar gargaɗi, wato kaucewar da aikin da kake yi zai iya jurewa. Hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta ajiye su haka: mil 4 na ruwa a kan teku, mil 2 a kan tudu, mil 1 a kewayen filin jirgi, da 0.3 a gangarowa mara jagoran tsayi. Mil na ruwa mita 1,852 ne, 0.3 ke nan mita 556. Lokacin da aka ba na'ura ta yi gargaɗi minti 5 ne a hanya, daƙiƙa 15 a kewayen fili, daƙiƙa 10 a gangarowa.

Daga nan saƙo iri biyu ke fitowa, kuma kada a haɗa su. Idan da'ira ta fi iyaka girma, ko taurari suka gaza biyar, saƙon shi ne binciken ba ya samuwa: wurin da ake nuna maka watakila daidai ne, amma ba mai tsaya masa. Idan gwaji ya tsallake adadi kuma an kasa cire mai laifi, saƙon shi ne wurin kansa ba daidai ba ne. Na farko na buƙatar ka riƙa gwamawa da wata na'ura, na biyu na buƙatar ka ɗauke ido daga GPS nan take. Kowane kamfani da kalmomin da yake rubutawa a allo, don haka a buɗe littafin na'urar a haddace su tun ana ƙasa.

Ga matuƙin jirgin sama

Taurarin GPS na zagaya duniya sau biyu a kwana, a nisan kilomita 20,200, kuma tafiyarsu sananniya ce. Don haka ana iya hasashen ko RAIM zai samu a fili kaza da ƙarfe kaza. Kafin tashi:

A fara duba NOTAM na GPS, wato sanarwar da ake yi wa matuƙa jirgin sama, a ga taurarin da aka sanar za a dakatar don gyara. Asalin sanarwar, NANU, daga masu kula da taurarin take fitowa, kuma cibiyar kewaya ta dakarun gadin gaɓar tekun Amurka na wallafa ta. Idan da na'urar jirgi za ka yi hasashen, dole ka cire waɗannan taurarin da hannunka a shafin hasashe, domin jadawalin da ke cikin na'urar bai san abin da za a yi gobe ba. Mutane na tsallake wannan mataki fiye da kowanne, kuma hasashen da aka yi da tauraron da ba zai kasance ba bai da amfani.

Sai a shigar da filin sauka da lokacin isa. Yawancin na'urori na duba minti 15 kafin lokacin da minti 15 bayansa. Idan tashi ya jinkirta, kamar yadda aka saba a lokacin hazo, a sake hasashen. Akwai kuma shafukan hasashe na ƙasa: AUGUR na EUROCONTROL, hukumar zirga-zirgar jiragen sama ta Turai, da SAPT na FAA, hukumar jiragen sama ta Amurka. A tabbatar yankin da shafin ke rufewa ya haɗa da hanyarka, kuma an zaɓi irin na'urarka daidai, da ko tana da taimakon matsin iska, da kusurwar da take yanke taurarin ƙasa, galibi digiri 5. A ƙa'idar FAA, idan hasashe ya nuna yankewar da ta wuce minti 5 a jere a wani yanki na hanya, sai a jinkirta, ko a sauya hanya, ko a shirya tafiya da na'urorin ƙasa masu nuna wa jirgi hanya da nisa ta rediyo, irin VOR da DME.

A shigar da matsin iskar fili daidai idan na'urar na karɓarsa da hannu. Hektofaskal ɗaya, ma'aunin matsin iska, kusan mita 8 ne na tsayi, kuskuren 10 ya zama mita 80, kuma ka mayar da shaidar da ka kawo taimako ta zama ita ce mai karkata.

A sama, da ka shigo mil 30 daga fili na'ura za ta koma iyakar mil 1. Mil 2 kafin wurin fara gangarowa ta ƙarshe za ta duba ko za ta iya riƙe 0.3, idan za ta iya ta nuna alamar shiga yanayin gangarowa. Ka kai idonka ka ga alamar. Idan ba ta fito ba, ko gargaɗi ya fito, ba a sauka ƙasa da tsayin da ake kai, a bi tsarin fasa sauka a sanar da hasumiya. Bayan an wuce wurin, wasu na'urori na iya yin shiru har minti 5 idan bazuwar taurari ce kawai ta lalace, don a ƙarasa saukar. Saboda haka duk gargaɗin da ya fito a wannan gaɓa ba na wasa ba ne, a hau sama nan take.

Wani abu ga masu tashi a Afirka ta Yamma. Na'urar da aka ƙera a kan TSO-C145 ko C146 tana karɓar gyara da gargaɗi daga tsarin WAAS a Arewacin Amurka ko EGNOS a Turai, kuma a can ba a tilasta hasashen RAIM muddin sabis ɗin na nan. Da ta fita daga yankinsu sai ta koma dogaro da FDE nata. Hukumar ASECNA mai kula da zirga-zirgar jiragen sama a ƙasashen Afirka da dama, wadda Nijar da Chadi da Kamaru ke ciki, ta fara watsa siginar gwaji ta irin wannan tsari a 2020 ta kan tauraron NigComSat-1R na Najeriya, aka yi gwajin tashi a Lome a Janairun 2021. Siginar gwaji daban, izinin sauka da ita daban. Abin da ke rubuce a littafin bayanan jiragen sama na ƙasar shi ne hukunci, kafin nan hasashen RAIM na kanka.

Ga mai jirgin ruwa, mai safiyo da mai haɗa na'ura

Yawancin na'urori na fitar da layukan rubutu na NMEA 0183 ta waya ko USB, kuma a ciki za ka ga abin da ke gudana. Layin GSA na ba da jerin taurarin da aka yi lissafi da su da adadin DOP, ma'aunin kyan bazuwa. GSV na ba da tsayin kowane tauraro, da ɓangaren da yake a sama, da ƙarfin siginarsa: 40 zuwa 50 mai kyau ne, ƙasa da 30 abin zargi. GRS na fitar da giɓin kowane tauraro, GST ƙiyasin hayaniya. GBS shi ne na RAIM kansa: lokaci, kuskuren da ake zato a latitud da longitud da tsayi, lambar tauraron da ake zargi, yiwuwar kasa gano shi, girman karkatarsa a mita. Galibi GBS da GRS a kashe suke zuwa daga kamfani, sai ka kunna.

Na'urorin jirgin ruwa na taƙaita hukuncin zuwa matsayi uku: amintacce, a yi hattara, da mara aminci, kuma sababbin sigogin NMEA na sa harafin S, C ko U a ƙarshen layin RMC. Ana zaɓar matakin daidaito, mita 10 ko mita 100. Wanda ya bar shi a 100 yana shiga mashigin tashar jiragen ruwa zai ga amintacce a allo alhali faɗin hanyar bai jure wannan kaucewa ba.

Kada ka yarda da rubutun kwali cewa na'ura na da RAIM, gwada ta. Hanya mai araha ita ce ka ajiye eriya a wurin da ka san lambobinsa, ka naɗi ɗanyen awo na awa ɗaya ko biyu, ka mayar da shi fayil na RINEX, tsarin da aka saba ajiye ɗanyen awo a ciki. Sai ka zaɓi tauraro ɗaya ka ƙara wa awon nisansa mita 100 na minti biyar, ka bi da fayil ɗin ta manhaja. RTKLIB ta Tomoji Takasu kyauta ce kuma tana da zaɓin RAIM FDE. Ainihin sigarta na gwaji da ɗaya cikin 1,000, tana cire taurari bi da bi, amma ba ta lissafa da'irar kariya, don haka ta isa koyo da aikin safiyo, ba ta isa a ɗora mata rai ba.

Tsalle na mita 100 kowa na kamawa. Gwajin da ke tona asiri shi ne kuskure mai rarrafe, irin na agogon da ya fara zamewa. Ka ƙara mita ɗaya a kowace daƙiƙa ka ƙirga lokacin da za a yi kafin gargaɗi. Da sigma 5 da iyakar 23, tauraron da kashinsa ya kai ɗaya bisa uku za a kama shi wajen mita 42. Wanda kashinsa 0.05 ne sai ya haura mita 100, kuma a duk tsawon lokacin wuri na tafiya a hankali ba wanda ya ce uffan. Ka maimaita ga kowane tauraro, ka rubuta kaucewar wuri mafi girma kafin gargaɗi. Idan ta fi da'irar kariyar da na'urar ta yi iƙirari, ko dai sigma ta yi ƙanƙanta ko lissafin gangara na da gyara. Wannan gwaji na manhaja ne. Na'urar da ke rufe sai da injin kwaikwayon sigina da ake jonawa ta waya a ɗakin gwaji, kuma ba a watsa siginar kwaikwayo a iska, laifi ne kuma haɗari ne ga jiragen da ke kusa.

Yawancin ƙararrawar da ake samu a ƙasa ba daga tauraro take ba, daga eriya take. Rufin kwano, tankin ruwa na ƙarfe, jikin kwantena, duk suna mayar da sigina ta iso a makare, awo ya ƙaru da gomman mitoci. A ɗaga eriya sama da su, a sa mata farantin ƙarfe a ƙasa idan irin mai buƙata ce, a ɗaga kusurwar yankewa zuwa digiri 10 ko 15. Amma kowane digiri da ka ƙara na rage maka taurari, kuma taurarin ƙasa su ke gyara bazuwa. Da tsari biyu ko uku 15 ba damuwa, da GPS kaɗai 10 ya fi.

Na'urorin lokaci da ke kan turakun sadarwa da tashoshin lantarki nasu ya fi sauƙi. Da zarar sun gama auna wurinsu sun kulle shi, abu ɗaya ya rage ba a sani ba, agogo. Tauraro biyu sun isa ganowa, uku cirewa. Sharaɗin shi ne wurin da aka kulle ya zama daidai. Idan aka matsar da eriya ba a sake awon ba, giɓi zai riƙa hawa da sauka yayin da taurari ke wucewa, na'ura ta dinga korar lafiyayyu.

Abin da ba ya kamawa

RAIM na asali an gina shi a kan zaton tauraro ɗaya ne zai karkace a lokaci guda. Duk abin da ya taɓa kowa tare, bakin shaidu ya zo ɗaya, ya wuce. A daren 1 ga Afrilun 2014 an ɗora wa taurarin GLONASS bayanan hanya marasa daidai, tsarin gaba ɗaya ya rikice fiye da awa goma. Na'urar da ke da GLONASS kaɗai ba ta da lafiyayyen da za ta riƙe. A Janairun 2016 kuma wasu taurarin GPS suka watsa gyaran lokacin duniya da kuskuren mikirosakan 13. Awon nisa bai taɓu ba, wuri daidai, amma na'urorin lokaci a ƙasashe da dama suka rikice.

Siginar jabu ita ce mafi muni. Mai watsa ta daga ƙasa na ƙirƙirar taurarin duka a tare, kowane awo ya dace da ɗan'uwansa, giɓi ya fito tsaf, wani lokaci ya fi na gaskiya tsafta. Tun 2023 jirage ke yawan cin karo da ita a Gabas ta Tsakiya da kewayen Baƙin Teku da tekun Baltik. Alamunta a waje da RAIM suke: ƙarfin dukkan taurari ya zama kusan ɗaya ko ya yi tsalle tare, agogo ko kwanan wata ya sauya, gudun da GPS ke nunawa ya saɓa da na ma'aunin iska ko na taya, wuri ya rabu da na na'urar inashiya, mai bin motsin jirgi ba tare da sigina ba, ko DME. Toshe sigina kuwa ba ya ɓuya, taurari ne za su zube daga allo.

Kuskuren taswira ma ba ruwan RAIM da shi. GPS na ba da lambobi a kan ma'aunin WGS 84, tsofaffin taswirori da takardun filaye da yawa a Najeriya kuwa a kan ma'aunin Minna suke, kuma bambancin kan kai kimanin mita 80. Na'ura za ta ce amintacce, kuma gaskiyarta, amma turken da ka kafa na cikin gonar maƙwabci. A duba ma'aunin da aka saita kafin a zargi taurari.

Sai ayonosfiya, sashen sama mai cajin lantarki da sigina ke ratsawa. Najeriya da Nijar na kusa da ikwatan maganaɗisun duniya, yankin da bayan faɗuwar rana ake samun kumfa a wannan sashe, sigina ta riƙa rawa tana yankewa, daga bayan magariba zuwa wajen tsakar dare. Ya fi tsanani a watannin Maris da Afrilu, da Satumba da Oktoba, da kuma shekarun da rana ke kan ganiyar zafin aikinta, kamar 2024 da 2025. Illar biyu ce: taurari biyu ko uku na iya karkacewa tare, abin da ya karya zaton ɗaya tilo, kuma wasu su faɗi gaba ɗaya, rara ta ƙare. Hasashen RAIM bai san da wannan ba, domin jadawalin taurari kawai yake dubawa. Maganin da ke hannu shi ne na'ura mai karɓar zango biyu, L1 a 1575.42 da L5 a 1176.45 megahaz, wadda ke cire jinkirin ayonosfiya da lissafi, tare da tsari fiye da ɗaya don rara ta yi yawa. A kan wannan haɗi ake gina sabon salon da ake kira ARAIM, mai lissafa yiwuwar karkacewar taurari da dama, har da tsari guda sukutum. Zango biyu na cire jinkiri amma ba ya hana yankewa, don haka aikin safiyo mai buƙatar daidaito a waɗannan watanni a tsara shi da safe, a tattara kaya kafin magariba.